DIGIRIN LISSAFI: JARI NE, BA HAJA BA



A duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wata tambaya da takan zagaya zangunanmu na Ghana, tun daga Aboabo da Asawase a Kumasi har Nima da Madina a Akra. Yaro ya nemi likitanci ko injiniyanci, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ba shi gurbi a sashen lissafi. Wani kuma shi da kansa ya zaɓi lissafin, saboda nan zuciyarsa take. Sai uba ya riƙe takardar yana juyawa, ya ce: "To, in ya gama, me zai ci da shi?" Mu da aikinmu shi ne rubuta wa dattijon unguwa wasiƙu da riƙe littafin gudummawar karatun yara, wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce, kuma amsar da ake ba ta takan yanke makomar yaro. Akwai wanda saboda ita aka ajiye takardarsa aka tura shi kasuwa. Akwai kuma wanda aka tura jami'a ido rufe, ya dawo bayan shekara biyar yana zaman jiran abin da bai san kamanninsa ba.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: digirin lissafi yana da daraja ta kuɗi, kuma darajar ba ƙarama ba ce, amma ba ya biyan mai shi sai an juya shi. Wanda ya san haka tun ranar shiga zai ci riba. Wanda ya ɗauka takardar ce kaɗai za ta nemo masa abinci, zai sha mamaki.

Mu fara da yi wa iyaye adalci, domin tambayarsu tana kan hanya. Digiri shekara huɗu ne, sannan ga shekarar hidimar ƙasa. A cikin shekarun digirin ana biyan kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, kuma yaron ba ya kawo komai gida. Sa'ansa da aka kai Magazin na Suame koyon gyaran mota ya yi nisa, mai yiwuwa har ya sami 'yanci ya fara ɗaukar nasa yaran. Wanda aka zaunar a shago a Kejetia ya san masu kawo kaya, ya san masu saye, wataƙila har an fara maganar aurensa. Ban da wannan, wasu fannonin suna fitowa da sunan sana'arsu a goshi. Wanda ya karanta likitanci likita ne, wanda ya karanta aikin jinya an san asibiti zai nufa. Shi kuwa mai lissafi babu wata ƙofa a gari da aka rubuta sunansa a kanta. Uban da ya sayar da fili ko uwar da ta kwashe adashinta suna da haƙƙin su san inda kuɗinsu zai faɗa.

To sai dai mu jikokin fatake ne. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja, suka kai kanwa da tufafi da fatu Salaga, suka ɗauko goro, sun san bambancin haja da jari. Haja ita ce abin da ake bajewa a saya yau. Jari kuwa ba a baje shi. Zuba shi ake yi a cikin wani abu, sannan ya haifar da riba. Wanda ya ƙulle jarinsa a ƙarƙashin katifa bai yi asara a idon mutane ba, amma bai ƙaru da komai ba, kullum kuma ƙimarsa raguwa take yi. Digirin jinya haja ne: yana da kasuwa ɗaya sananniya, farashinsa kuma a bayyane yake. Digirin lissafi jari ne: yana shiga kasuwanni da yawa, amma sai mai shi ya zaɓi wadda zai zuba shi a ciki.

Domin a gane dalili, sai a san abin da ake koyarwa a wannan sashe. Jama'a da yawa suna zaton tarawa da ɗebewa ne da aka ƙara wa wuya. A'a. A jami'a ɗalibi yana koyon kafa hujja mataki bayan mataki, har ya zama babu ƙofar musu. Yana koyon yadda abubuwa ke canzawa da saurin canzawarsu, da yadda ake auna yiwuwar abin da bai faru ba tukuna, da yadda ake ɗaukar matsala mai sarƙaƙiya a mayar da ita alamomi a warware ta. Waɗanda suka zauna gaban malamai a zaure sun san irin wannan ilimi. Malamanmu sukan kira nahawu da sarfu da manɗiƙi ilimin kayan aiki. Ba a naɗa mutum alƙali don ya iya nahawu kaɗai, amma ba a taɓa samun alƙalin kirki da bai iya shi ba. Haka lissafi yake ga kimiyya da tattalin arziki da kwamfuta.

Kuma kada wani ya ce mana wannan ilimi baƙo ne a gidanmu. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, shi ya rubuta littafin da aka ciro sunan aljabara daga cikinsa, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin wasiyya da rabon gado yake. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da masana kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala da ita har yau. Duk wanda ya karanta fara'id ya san matsalar da mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Asalinta 24 ne, amma idan aka tara kason kowa, wato 3 da 16 da 4 da 4, sai ya zama 27, dole a yi auli, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Malamin da ke warware wannan a kan buzu lissafi yake yi. Akwai kuma Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda a 1732 ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi da jimillarsu ke daidaita ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa. Yaronmu da ya shiga wannan sashe gadon gida ya bi.

Yanzu mu zo ga kasuwannin da ake zuba wannan jari.

Ta farko, kuma mafi kusa, ita ce koyarwa. A Ghana babu ɗalibin babbar sakandare da ke kuɓuta daga lissafi, kuma ba a shiga jami'a sai an ci shi. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017 ɗalibai suka ƙaru, buƙatar malamai ta ƙaru tare da su. Jami'o'in Cape Coast da Winneba sun shahara wajen horar da malamai. Wanda ya yi digirin lissafi zalla kuwa yakan ƙara da difloma ta koyarwa, sannan ya zauna jarrabawar lasisi da aka fara a 2018. Ba za mu ɓoye ba, albashin malami ba ya mayar da mutum attajiri, kuma akan jira kafin gwamnati ta ɗauka. Amma malamin lissafi da ya iya aikinsa ba ya rasa ɗaliban yamma da na hutu, kuma makarantu masu zaman kansu nemansa suke yi. Wannan ita ce mafi ƙarancin ribar da jarin ke kawowa, kuma samun ƙasan da ba a faɗuwa a wuce shi ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyu ita ce ƙididdiga. Ƙidayar jama'a ta 2021, wadda ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, da na'urorin hannu aka yi ta maimakon takarda, kuma bayan masu bi gida gida akwai waɗanda suka tsara ta, suka tace alƙaluman, suka fitar da ma'anarsu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana auna farashin kaya wata bayan wata. Cibiyoyin binciken lafiya na Navrongo da Kintampo suna bin haihuwa da mutuwa da cututtuka na dubban gidaje shekara da shekaru. Ƙungiyoyin raya ƙasa ba a ba su kuɗi sai sun nuna da alƙaluma abin da aikinsu ya haifar. Duk waɗannan wurare suna buƙatar wanda lamba ba ta ba shi tsoro. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi kuma sun san manyan makarantun ƙididdiga na Abijan da Yawunde da Dakar, waɗanda ake shiga ta gasa mai tsanani, kuma lissafi ne ƙashin bayan gasar.

Ta uku ita ce fansho da inshora da bankuna. Hukumar SSNIT tana karɓar kuɗin ma'aikaci yau, ta yi alkawarin biyansa bayan shekara talatin. Dole wani ya lissafa nawa za a karɓa, shekara nawa mutane ke rayuwa bayan ritaya, da kuma ko asusun zai ɗauki nauyin. Masu wannan aiki su ne masu lissafin haɗari, kuma suna cikin waɗanda ake biya da kyau a ko'ina. Sai dai digiri ba ya isa a kira mutum ƙwararre a nan. Akwai jerin jarrabawowin ƙungiyoyin sana'ar na Amurka da Ingila, ana biyansu da dala ko fam, kuma sukan ci shekaru. Mun san akwai iyayen da zuciyarsu ba ta natsuwa da aikin banki saboda riba, kuma wannan damuwa ce da ba za mu yi wa dariya ba. Abin da za mu ce shi ne ƙofofin lissafi sun fi banki yawa, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012, su ma ba sa tafiya sai da masu lissafi.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran faɗi a wannan zamani, ita ce kwamfuta da sarrafa bayanai. Tun da MTN ta fara aika kuɗi ta waya a Ghana a 2009, cinikin mai kayan miya da na dillalin shanu ya koma lambobi da ke gudana dare da rana. Kamfanonin waya da na kuɗi suna buƙatar masu gano zamba a cikin miliyoyin hada-hada, da masu auna wanda za a iya ba bashi. A 2019 kamfanin Google ya buɗe cibiyarsa ta farko a Afirka ta binciken ƙirƙirarriyar basira a Akra, kuma wanda ya fara shugabantarta, Moustapha Cissé, ɗan Senegal ne da ya faro daga karatun lissafi da kimiyyar fiziks a jami'ar Gaston Berger ta ƙasarsu. Wannan fasaha da duniya ke ta magana a kanta an gina ta ne da darussan da ake koyarwa a shekara ta biyu da ta uku ta digirin lissafi. Amma fa sharaɗi ɗaya ne: sai ɗalibi ya iya rubuta manhaja. Mai lissafin da bai iya Python ko R ba, bai ma ƙware a Excel ba, kamar mahauci ne da ya san gaɓoɓin sa duka amma ya zo mayanka babu wuƙa.

Ta biyar ita ce ƙarin karatu. A nan mai lissafi yana da gatan da sauran fannoni da yawa ba su da shi. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a Senegal a 2011, a Ghana a 2012, a Limbe ta Kamaru a 2013, kuma tana ɗaukar ɗaliban Afirka su yi digiri na biyu tare da ɗaukar nauyin karatunsu da kwanansu da abincinsu. Wanda ya tsaya tsayin daka wajen kawo ta Ghana shi ne Farfesa Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, wanda ya yi digirin digirgir a Princeton, ya zama cikakken farfesan lissafi na farko ɗan Ghana a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya kuma kafa cibiyar kwamfuta ta jami'ar, ya rasu a 2017. Ɗan talaka da ya fito da sakamako mai kyau yana iya bin wannan hanya ba tare da an sayar da komai a gidansu ba.

Duk da haka, akwai ɗaci a cikin maganar, kuma ba za mu rufe shi da zuma ba. Samarinmu suna karanta labarin Jim Simons a intanet, farfesan lissafin Amurka da ya kafa kamfanin zuba jari a 1982, ya rasu a 2024 yana cikin manyan attajiran duniya. Labarin gaskiya ne, amma mutum ɗaya ne a wata ƙasa mai irin tata kasuwar. A gefe guda, lambar Fields, wadda ita ce mafi shahara a duniyar lissafi, kuɗin da ke tare da ita dala 15,000 ne na Kanada. Wanda ya bi lissafi zalla har ƙarshe daraja zai samu da rufin asiri, da wuya ya yi dukiya. Sannan ba kowa ne ke kai bantensa ba. Da yawa sun yi fice a sakandare saboda sun haddace hanyoyin warware tambaya, suka zo jami'a aka ce su kafa hujja, sai abin ya gagara. Wanda ya fito da sakamako mai rauni, bai iya kwamfuta ba, bai taɓa leƙa wata ma'aikata ba, ya kuma raina koyarwa, shi ne wanda ake gani a bakin masallaci bayan la'asar, iyaye na nuna shi suna cewa ga abin da lissafi ke haifarwa. Alhali jarin ne aka bari a ƙarƙashin katifa.

Akwai kuma wata riba da ba ta zuwa a takardar albashi, amma al'umma ce ke cinta. A 2018 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta dakatar da kamfanin Menzgold, wanda ke yi wa mutane alkawarin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane wata, kuɗin jama'a da yawa suka maƙale. Kashi 10 a wata, in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, yana nufin sidi 1,000 ta haura 3,100 a shekara guda. Wane halattaccen ciniki ne ke ninka kuɗi sau uku duk shekara ba fashi? A Disambar 2022 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda ya ajiye sidi 100 aka ƙara masa 20 a wannan shekara yana ganin ya ci gaba, alhali abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa biyar. Gidan da ke da mutum ɗaya mai iya zama ya yi wannan lissafi a bayan ambulan, kuma a saurare shi, ya tsira daga asarar da ta fi kuɗin makarantar shekara huɗu. Haka asusun masallaci, da kuɗin ƙungiya, da rabon gadon da ya haɗa gidaje da shaguna da bashi. Mu da ke riƙe littattafan al'umma mun san yawan zumuncin da kuskuren lissafi ya raba.

Saboda haka ga shawararmu. Ga iyaye: kada ku tambayi yaro ko ya ci lissafi kawai, ku tambaye shi ko yana son sa. Alamar ita ce yaron da kan zauna da tambaya ɗaya awa biyu ba wanda ya sa shi, ya kasa barci sai ya warware ta. Irin wannan ku sake shi ya tafi, namiji ne ko mace. Mace ta farko da ta ci lambar Fields, Maryam Mirzakhani, 'yar Iran ce, a 2014. Wanda kuwa aka jefa sashen don kawai babu wani gurbi, kuma shi kansa gabansa faɗuwa yake in ya ga alamomi, gara a nema masa canji tun da wuri, ko ya koyi sana'a da mutuncinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ga ɗalibi: ɗanmu, kada ka bari shekara ta biyu ta wuce ba ka zaɓi kasuwar da za ka zuba jarinka ba. Ka koyi rubuta manhaja tun shekarar farko. Ka ɗauki darussan ƙididdiga da muhimmanci. Kowane dogon hutu ka nemi inda za ka yi aiki, ko da ba za a biya ka ba, ko da riƙe littafin shagon kawunka ne ka mayar da shi cikin kwamfuta. Ka gyara Turancinka na rubutu da na magana, domin wanda ya gano amsa ya kasa bayyana ta, wani ne zai karɓi ladan. Ka yi ƙoƙari a tura ka hidimar ƙasa inda ake aiki da alƙaluma. Ka kuma tsare makinka, don shi ne mabuɗin tallafin karatu.

Ga dattawa da masu hali da ƙungiyoyin zango: kuɗin makaranta kaɗai ba ya kammala taimako. Ɗalibin lissafi da ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka an tura shi gona ba fartanya. Gudummawar da muke tarawa ta haɗa da wannan, da kuɗin jarrabawar ƙwarewa ta farko ga wanda ya nuna himma. 'Ya'yanmu da suka riga suka shiga ma'aikatu kuma su waiwayo su riƙe hannun na baya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A madadin haka, mu nemi kowane ɗalibi da al'umma ta ɗauki nauyinsa ya koyar da ƙannensa lissafi a lokacin hutu, domin yaran zango da yawa a wannan darasi ɗaya suke tuntuɓe, ƙofar jami'a ta rufe musu.

Kakanninmu ba su taɓa tsoron jari don ba a cinsa ɗanye ba. Sun san sai an yi tafiya da shi, an jure rana da ƙura, sannan a dawo da goro. Mu ba 'ya'yanmu masu baiwar lissafi wannan jari, mu kuma nuna musu hanyar kasuwa.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da abinci na halal.